Yadda Ake Ƙera Ma'aunin Hali a Kuma Tabbatar da Ingancinsa: Jagora ga Masu Bincike a Birnin Kebbi da Argungu

Duk shekara ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da na Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, suna fita da takardun tambayoyi zuwa makarantu da asibitoci da kasuwanni da fadamu. Wani yana son ya san ko haƙurin malami yana da nasaba da nasarar ajinsa. Wata tana bin diddigin himmar ma'aikatan jinya. Wani kuma ƙungiyar manoman shinkafa ce ta nemi ya gano mata irin manomin da ke biyan bashi a kan kari. Dukkansu abu ɗaya suke ƙoƙarin aunawa, wato hali.

Hali kuwa ba ya hawa sikeli. Ta abin da mutum yake yi da abin da yake faɗa ake ganinsa, shi ya sa mai bincike yake jera tambayoyi, ya ba kowace amsa maki, ya haɗa jimilla ya ce ga gwargwadon haƙurin wane. Amma jerin tambayoyi ba ya zama ma'auni don an buga shi da kyau, ko don ya yi aiki a Amurka. Sai an gwada shi a kan irin mutanen da za a auna, da harshen da suke ji, lissafi kuma ya ba da shaida. Wannan jagora za ta bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya.

Abubuwa biyu da ake nema

Ana neman abu biyu a wurin kowane ma'auni: tsayuwa da inganci. Ka ɗauki mudun awon shinkafa a kasuwar Argungu. Idan yau ya ci kaza, gobe ya ci fiye, jibi ya ci ƙasa, ba shi da tsayuwa. Idan kuwa kullum abu ɗaya yake ci, amma an bubbuga gindinsa ya shige ciki, to yana da tsayuwa, sai dai abin da yake bayarwa bai kai mudu ba, wato ba shi da inganci. Ma'auni yana iya tsayuwa a kan kuskure, amma wanda ba shi da tsayuwa ba zai taɓa inganta ba.

Kusan duk lissafin da ke tafe a kan abu ɗaya ya dogara, wato lambar alaƙa. Lamba ce da ke tsakanin -1 da +1, tana nuna yadda abu biyu suke tafiya tare. Idan ta kusanci +1, duk wanda ya yi sama a wannan yakan yi sama a wancan. Idan ta kusanci -1, hawan wannan saukar wancan ne. Idan tana wajen sifiri, ba ruwan wannan da wancan.

Abin da aka koya a wasu wurare

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne Robert Woodworth ya tsara wa sojojin Amurka takardar da ake ɗauka a matsayin ta farko irin wannan, don a gano waɗanda zuciyarsu ba za ta jure fagen fama ba. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamusun Turanci suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta tacewa da lissafi har aka tsaya a kan rukunai biyar da ake kira Manyan Biyar: son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, himma da tsari, saurin damuwa, da son sabon abu da zurfin tunani.

Da aka fita daga Turanci sai labari ya fara sauyawa. Michael Ashton da Kibeom Lee sun duba bincike a harsuna da dama suka ga rukuni na shida yana fitowa, na gaskiya da tawali'u. A ƙasar Sin, Fanny Cheung da abokan aikinta sun gina nasu ma'auni daga tushe, suka sami rukunin da ya shafi kiyaye zumunci da mutuncin juna, wanda biyar ɗin nan ba su rufe shi ba. A 2013 Michael Gurven da tawagarsa suka buga sakamakon gwajin tambayoyi 44 na Manyan Biyar a kan al'ummar Tsimane ta Bolibiya, manoma da mafarauta waɗanda akasarinsu ba sa karatu, biyar ɗin kuwa ba su fito ba. A 2019 Rachid Laajaj da wasu masana suka haɗa amsoshin mutane sama da 94,000 daga ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, suka tarar cewa inda aka yi tambayoyin baki da baki, tsarin biyar ɗin yakan birkice. Wannan yanayi shi ne irin namu, domin manomin fadama ko mai sayar da kifi karanta masa tambayoyin za a yi. Afirka ta Kudu ta ɗauki darasin, ta gina nata ma'aunin daga hirarraki a harsunan ƙasar guda 11.

Mataki na ɗaya: fayyace abin da za ka auna

Kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, rubuta sakin layi guda da zai faɗi mene ne halin, mene ne ba shi ba, wa za a auna, kuma me za a yi da sakamakon. Bari mu ɗauki misalin da za mu riƙa komawa gare shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, maganar wa ke biya wa ba ya biya ta zama abin tattaunawa a ƙungiyoyin manoma. A ce kana son ka auna riƙon amana da himma a tsakanin manoman fadamar Argungu. Dole ka yanke tun farko: shin riƙon amana ya haɗa da cika alkawarin lokaci, ko dukiyar mutane kaɗai ya shafa? Shin rufa sirri yana ciki? Sannan ka raba hali da yanayi. Manomin da ambaliya ta cinye masa gona ya kasa biya ba maci amana ba ne. Tambayar da ba ta iya bambanta waɗannan biyu talauci take aunawa.

Mataki na biyu: tara kalmomi daga bakin mutane

Hausa tana da arzikin kalmomin hali. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya jero siffofi kamar gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 suna cike da wasu. Amma littafi mafari ne kawai. Ka zauna da mutane 30 zuwa 40, maza da mata, tsofaffi da matasa, manoma da masunta da 'yan kasuwa da malamai. Ka ce wa kowa ya siffanta maka mutumin da zai iya ba shi ajiyar kuɗinsa, da wanda ba zai ba shi ba, ba tare da ambaton suna ba. Idan ya ce wane mai amana ne, tambaye shi: me ya yi ka gane haka? Amsar wannan tambaya ita ce kayan aikinka, domin aiki ake iya tambaya a kai.

Ka rubuta maganar yadda aka faɗe ta. Hausar Kabi ba ita ce ta littattafan makaranta ba, kuma a ƙasar nan akwai Fulani da Zabarmawa da Dakarkari da wasu waɗanda Hausa harshensu na biyu ce. Kalmar da kowa yake ji ta fi kalmar da ta fi daɗi a rubuce.

Mataki na uku: rubuta tambayoyi

Rubuta ninki uku na abin da kake buƙata. Idan kana son ka ƙare da tambayoyi 8 a kowane hali, fara da 24 ko 30, saboda da yawa za su faɗi a hanya. Ga ƙa'idojin:

1. Tambaya ɗaya, magana ɗaya. "Ina biyan bashi kuma ina taimakon maƙwabta" tambayoyi biyu ne, wanda yake yin ɗaya ya bar ɗaya bai san me zai amsa ba.
2. Tambayi aiki, ka bar suna. Babu wanda zai ce ba shi da amana. Amma "Idan ranar biya ta zo ba ni da kuɗi, nakan je in faɗa wa mai bashi da kaina" tana iya raba mutane.
3. Guji kore a kan kore. "Ba na ƙin taimako" tana rikita mai sauraro.
4. Rabin tambayoyin su fuskanci gaba, rabi su fuskanci baya. Idan akwai "Ina gama aikin da na fara", a sami "Nakan bar aiki a tsakiya in kama wani".
5. Kada tambaya ta dogara da abin da wasu ba su da shi, kamar asusun banki ko agogo ko zuwa ofis.

Ga amsoshi, tsarin da Rensis Likert ya fito da shi a 1932 shi ne aka fi bi: matakai biyar daga rashin yarda sam zuwa yarda ƙwarai. Ga wanda ake karanta wa, riƙe zaɓi biyar a ka yana da wuya. Raba tambayar gida biyu: da farko "haka kake ko ba haka kake ba?", sannan "sosai ko kaɗan?". Tambayar yawan aukuwa ma tana da sauƙin kamawa: kullum, sau da yawa, wani lokaci, da wuya, ban taɓa ba.

Idan ma'aunin wasu za ka ara, bi hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a zauna a kwatanta. Sai dai fassara tana iya daidaita ma'ana ta kauce. A ma'aunan Turawa jin nauyin mutane yana cikin alamun rashin son shiga jama'a, alhali a wurinmu kunya tarbiyya ce, kuma matar da ba ta ɗaga ido gaban surukinta tana iya zama ita ce mai jan ragamar hira a gidan biki. Tambaya irin wannan sake ta ake yi daga tushe.

Mataki na huɗu: masana da gwajin fahimta

Ba masana 8 zuwa 10 tambayoyin tare da bayanin da ka rubuta a mataki na ɗaya. Kada su zama malaman jami'a zalla, a sa malamin Hausa, da malamin gona, da shugaban ƙungiyar manoma. Kowa ya faɗi ko tambayar dole ce, ko tana da amfani amma ba dole ba, ko ba a buƙatarta. Lissafin Lawshe na 1975 mai sauƙi ne: daga adadin waɗanda suka ce dole ce, cire rabin adadin masanan, sannan ka raba da wannan rabin. Masana 10, tara suka ce dole: 9 a cire 5 saura 4, a raba da 5, an sami 0.80. Idan bakwai ne, 0.40. Ga masana 10, jadawalin Lawshe yana neman 0.62, don haka ta farko ta tsira, ta biyu ta faɗi.

Daga nan ka karanta wa mutane 10 zuwa 15 irin waɗanda za a auna. Bayan kowace tambaya ka ce: "Baba, in kai ne za ka yi wa wani wannan tambaya, yaya za ka faɗe ta?" ko "Inna, da kika ce wani lokaci, me ya zo miki a rai?" A nan ake kama kurakuran da kwamfuta ba za ta taɓa gani ba.

Mataki na biyar: fita fili

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mutum 5 zuwa 10 ga kowace tambaya, kuma kada a yi ƙasa da 300 idan za a yi nazarin rukuni, wanda bayaninsa ke tafe a mataki na bakwai. Tambayoyi 40 suna son mutum 300 zuwa 400. Ɗalibai 20 na ajinku ba su isa su tabbatar da komai ba. Wa aka tambaya ma ya fi yawansu muhimmanci: idan ma'aunin na manoma ne, a samo su daga ƙauyuka daban-daban, manya da ƙananan gonaki, masu boko da masu allo.

Horar da masu tambaya su karanta magana iri ɗaya da murya iri ɗaya, ba ƙari ba sharhi. Mata su shiga wurin mata. A keɓe da mai amsa, domin amsar da aka bayar gaban mai gari ko miji ko abokan majalisa ta jama'a ce. Rubuta wanda ya yi kowace hira, saboda daga baya ka duba ko amsoshin da wani ya kawo sun bambanta da na sauran. Manhajar KoboToolbox tana aiki a waya ko babu intanet, kuma tana rage kuskuren kwafa. Kula da lokaci: ranar kasuwa, da tsakiyar girbi, da yammacin azumi, ba lokutan doguwar hira ba ne.

Abu biyu ne za su fi ba ka wahala. Na farko, ladabi yana sa mutum ya ce wa baƙo "haka ne" a kan kusan komai. Maganinsa tambayoyin nan masu fuskantar juna: a ma'aunin 1 zuwa 5, matsakaicin amsar mutum a kan tambaya da kishiyarta ya kamata ya kusanci 3. Idan na wani ya kai 4.2, ka san yana da ɗabi'ar amsa "eh", sai a cire wannan rarar daga duk amsoshinsa kafin lissafi. Na biyu, wani zai gyara kansa don a gan shi da kyau, wani kuma zai rage kansa saboda an ce yabon kai jahilci. Shi ya sa yake da kyau a nemi wanda ya san mutum sosai ya amsa tambayoyin a kansa, da izininsa.

Mataki na shida: tace tambayoyi

Fara da juya makin tambayoyin da ke fuskantar baya: a ma'aunin 1 zuwa 5, cire amsar daga 6, wato 5 ta koma 1, 4 ta koma 2. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da ya fi lalata sakamako. Sannan duba yadda amsoshin kowace tambaya suka rarrabu. Wadda mutum 95 cikin 100 suka amsa iri ɗaya ba ta raba kowa da kowa. Bayan haka lissafa alaƙar kowace tambaya da jimillar sauran 'yan uwanta, ban da ita kanta. Wadda ta gaza 0.30 abar tuhuma ce. Kafin ka jefar da ita, koma ka karanta ta, domin wani lokaci kalma ɗaya ce ta ɓata ta.

Mataki na bakwai: nazarin rukuni

Wannan hanya ta samo asali daga aikin Charles Spearman na 1904. Abin da take yi shi ne duba alaƙar kowace tambaya da kowace, ta gano waɗanda suke tafiya tare kamar akwai wani ɓoyayyen abu guda da yake jan su. Kai ka ce riƙon amana da himma abu biyu ne. Lissafin zai nuna ko a wurin mutanen Argungu biyu ne, ko ɗaya, ko uku.

Da farko duba lambar KMO. Idan ta gaza 0.60, bayanan ba su dace da wannan nazari ba. Sai tambayar rukuni nawa za a riƙe. Tsohuwar ƙa'idar Kaiser, wadda manhajar lissafi ta SPSS take bi idan ba a sauya mata ba, takan ba da rukunai fiye da kima. Wadda ta fi ita ce hanyar John Horn ta 1965: kwamfuta ta ƙirƙiro lambobin kara-zube masu yawan naka, a riƙe rukunan da ƙarfinsu ya wuce na kara-zuben kaɗai. Manhajojin jamovi da JASP da R duk kyauta ne, kuma duk suna yin wannan. Wajen juya rukunai zaɓi juyin da yake barin su su yi alaƙa da juna, irin su oblimin, saboda halayen ɗan Adam ba sa zaman 'yan marina.

Daga nan duba nauyin kowace tambaya a kan rukuninta. Riƙe mai 0.40 ko fiye a rukuni ɗaya, wadda ba ta da nauyi mai yawa a wani. Kowane rukuni ya sami tambayoyi aƙalla uku, huɗu zuwa takwas sun fi. Ka yi hattara da abu ɗaya: idan duk tambayoyin gaba suka taru wuri ɗaya, na baya suka taru wani wuri, ba halaye biyu ka gano ba, ɗabi'ar cewa "eh" ce ta bayyana.

Abin da ka samu zato ne mai ƙarfi, saura tabbatarwa. Tara sababbin mutane, misali idan na farko daga Argungu ne, na biyu su fito daga Birnin Kebbi da Kalgo, ka gaya wa kwamfuta tsarin da kake tsammani, ta faɗi yadda ya dace da amsoshinsu. Li-tze Hu da Peter Bentler a 1999 sun ba da shawara a kan lambobin da ke nuna wannan dacewa: CFI ta kusanci 0.95, RMSEA ta kusanci 0.06, SRMR kuma 0.08. Ma'aunan hali masu tsawo sukan sha wuya kafin su kai nan, don haka faɗi abin da ka samu yadda yake. Gano tsari da tabbatar da shi a kan mutane ɗaya daidai yake da mutum ya ba kansa shaida.

Mataki na takwas: tsayuwa

Lambar alfa, wadda Lee Cronbach ya yaɗa a 1951, ita ce kowa ya sani, ita ce kuma aka fi ɗora wa kayan da ba nata ba. Abu biyu ne suke ɗaga ta: ƙarfin alaƙar tambayoyi da yawansu. Tambayoyi 4 masu matsakaiciyar alaƙa 0.30 suna ba da alfa 0.63. Tambayoyi 10 masu wannan alaƙa suna ba da 0.81. Tambayoyi 30 masu raunin alaƙa 0.15 kacal suna ba da 0.84. Ka ga alfa mai girma ba ta nuna cewa abu ɗaya ake aunawa, balle ta nuna cewa abin da ake nufi ne. Saboda haka a lissafa ta bayan nazarin rukuni, kowane rukuni da tasa, a kuma haɗa da lambar omega ta McDonald wadda ba ta ɗauka cewa nauyin tambayoyi ɗaya ne. Ga binciken jama'a 0.70 tana wadatarwa. Ga hukunci a kan mutum ɗaya ana son 0.90. Idan ta wuce 0.95, duba ko tambaya ɗaya kake maimaitawa da kalmomi daban.

Akwai kuma tsayuwa a kan lokaci. Koma wurin mutum 50 zuwa 100 bayan mako biyu zuwa huɗu, ka sake yi musu tambayoyin, ka lissafa alaƙar amsar farko da ta biyu. Idan hali kake aunawa, bai kamata ya sauya cikin wata guda ba.

Amfanin lambar tsayuwa yana fitowa fili idan aka mayar da ita kuskuren awo. Cire ta daga 1, ɗauki tushen murabba'in abin da ya rage, ka ninka da ma'aunin warwatsuwar maki. Idan tsayuwa 0.84 ce, warwatsuwa kuma 10, kuskuren awo 4 ne. Ma'ana, wanda ya ci 60, makinsa na gaskiya yana iya kasancewa tsakanin kusan 52 da 68. Manomi mai 60 da mai 56 ba a ce wani ya fi wani ba.

Mataki na tara: inganci

Inganci ba lamba ɗaya ba ne, shaidu ne ake tarawa. Donald Campbell da Donald Fiske sun nuna a 1959 cewa ma'auni mai kyau yana alaƙa da abin da ya kamata, ba ya kuma alaƙa da abin da bai kamata ba. Kafin ka ga sakamako, rubuta abin da kake tsammani, sannan ka nemi shaida uku.

Ta farko, makin da mutum ya ba kansa ya yi alaƙa da wanda makusancinsa ya ba shi. Ta biyu, kada makin riƙon amana ya bi girman gona ko shekarun boko sau da ƙafa, idan ya bi, wadata ko iya amsa tambaya kake aunawa. Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, makin ya hango abin da zai faru: auna manoma kafin shuka, bayan girbi ka duba littafin bashin ƙungiya, kana la'akari da waɗanda ambaliya ko tsuntsaye suka yi wa ɓarna. Idan ɗalibai masu koyon malanta kake aunawa, rajistar zuwa aiki da rahoton mai duba su lokacin gwajin koyarwa su ne shaida.

Kada ka sa ran babbar lamba. Tun 1968 Walter Mischel ya lura cewa alaƙar ma'aunin hali da wani aiki guda ba ta cika wuce 0.30 ba. Wannan yana da amfani wajen fahimtar jama'a, amma bai isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba.

Mataki na goma: adalci tsakanin jama'a

Kafin ka ce maza sun fi mata, ko mutanen birni sun fi na ƙauye, tabbatar ma'aunin yana aiki iri ɗaya a wurinsu. Yi nazarin tabbatarwa a kan kowane ɓangare, ka duba ko tsarin ɗaya ne, ko nauyin tambayoyi ɗaya ne, ko mutum biyu masu hali daidai suna ba da amsa daidai. Tambaya a kan yin magana a taron ƙungiya tana iya auna himma a wurin namiji, a wurin mace kuma ta auna ko ana gayyatarta taron. Haka za a gwada wanda ya cike da hannunsa da wanda aka karanta wa, da Bahaushe da wanda Hausa ta zame masa harshe na biyu. Sannan maki ba shi da ma'ana shi kaɗai sai an kwatanta shi da na jama'ar da mutum ya fito cikinta, don haka jadawalin kwatance na ɗaliban Amurka ba shi da hurumi a Gulma ko Ambursa.

Amanar da ke wuyan mai bincike

Nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarka kafin ka fita, ka gaida masu gari, amma ka sani izininsu ba ya maye gurbin yardar mai amsa. Faɗa masa me za a yi da amsarsa, da cewa yana iya dainawa duk lokacin da ya so. Raba sunaye da amsoshi, ka sa lamba a madadinsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai. Idan mutane suka san rance ko aiki ya rataya a kan amsarsu, amsar za ta sauya, ingancin da ka tabbatar a lokacin bincike kuma ba zai bi ka can ba. Kada a hana kowa rance ko aiki ko gurbin karatu saboda makin takardar hali kaɗai.

Wannan aiki ya fi ƙarfin zangon karatu ɗaya, amma yana rabuwa. Ɗalibi ɗaya ya tara kalmomi ya rubuta tambayoyi, na bayansa ya yi nazarin rukuni, na uku ya tabbatar a wani gari, na huɗu ya bi shaidar inganci. Ina kira ga malamai masu duba kundin bincike a Birnin Kebbi da Argungu da Aliero da su haɗa ɗalibansu a kan irin wannan jeri, su adana tambayoyin Hausa da lambobinsu inda na baya zai same su. Kai kuma ɗalibi, rubuta a kundinka mutum nawa ka gwada, su wane ne, da wane harshe, tambaya nawa ka jefar da dalilin jefar da su, har da zaton da bai tabbata ba. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a yi awo da adalci.